Masu zama Landan dan Allah: Shoreditch da Brick Lane wurin zuwa ne da yaro, ko na 'yan ɗaukar hoto ne kawai?

Maman Nawwar ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zama a Landan. Mu a Ilford muke, ni aikin jinya nake yi, maigida kuma yawanci aikin dare ne da shi, toh tunda muka zo rayuwar daga gida sai wurin aiki sai kanti sai a dawo gida, tsakiyar gari ma ban taɓa shiga don in ba idona abinci ba sai dai in wuce a jirgi. Abokan aikina kullum zancensu Shoreditch, wai can ake yayi yanzu, can ne abinci, can ne zanen bango, ga ƙanwata a Kaduna ta matsa min da turo bidiyon TikTok na Brick Lane tana cewa Yaya wai kina garin amma ba ki taɓa lekawa ba. Gaskiya ni ma raina ya biya, na gaji da zaman ɗaki wlh, yaron ma shekararsa 3 ya fara ƙosawa, da ya ga na ɗauki mayafi sai ya ruga ya ɗauko takalminsa.

Abin da nake son sani shi ne, wurin ya dace mace mai hijabi ta je ita da yaro a keken turawa? Don a bidiyon da nake gani rabi duk mashaya ce da mutane riƙe da kofin giya a titi. Sannan in lokacin salla ya yi ina zan yi, akwai ɓangaren mata? Abincin da ake ta yabo na halal ne ko sai dai kallo? Kuma nawa mutum zai tanada don kar in je in ƙarar da kuɗin cefanen sati. Ranar Lahadi nake da hutu wannan karon. Ngd, Allah ya bar zumunci.

Bakatsine_E1 ya rubuta:

Wa alaikumus salam Maman Nawwar. Ki je, wlh ki je, amma ki shiga ta ƙofar da ta dace. Yawancin mutane a tashar Shoreditch High Street suke sauka, su faɗa tsakiyar mashaya da shagunan kofi, su ɗauki hoto jikin bango su koma gida su ce sun ga unguwa. Ke ta kudu za ki fara.

Daga Ilford ki hau Elizabeth line ki sauka a Whitechapel, jirgi ɗaya ne ba canji. A tsarin kuɗin jirgi Whitechapel tana shiyya ta 2 ne, ita kuwa Shoreditch High Street da Aldgate East da Liverpool Street duk shiyya ta 1 ne, kinga kuɗin da za a cire miki ya ragu, kuma Whitechapel akwai lifta saboda keken yaro, Aldgate East kuwa matakala ce zalla sai kin ɗaga keken a hannu. In ba kya sauri ma bas mai lamba 25 daga Ilford yana bi ta Stratford da Mile End har ƙofar masallaci, ya fi araha sai dai yana cin lokaci sosai.

Kina fitowa tasha ki yi yamma a kan Whitechapel Road, tafiya kaɗan za ki hango hasumiyar East London Mosque a ɗaya hannun titin. A 1985 aka buɗe ginin, kuma yana cikin masallatan farko a ƙasar nan da aka ba izinin kiran salla da lasifika a waje, ranar da na fara jin kiran azahar ina tsaye a titin Landan sai da na tsaya cak. Ki wuce gaba kaɗan akwai wani ɗan fili mai ciyawa da ake kira Altab Ali Park, mutane na wuce shi ba sa ko kallo, ni kuwa ina ganin duk wanda bai san labarinsa ba bai san Brick Lane ba. Altab Ali matashi ne ɗan Bangladesh mai aikin ɗinki a masana'anta, ranar 4 ga Mayu 1978 yana dawowa daga aiki wasu samari suka daɓa masa wuƙa a kusa da wurin saboda launin fatarsa, ya rasu. A lokacin 'yan National Front masu ƙin baƙi har jaridarsu suke zuwa sayarwa ranar Lahadi a saman Brick Lane don tsokana, ana fasa wa mutane tagogi, yara ba sa zuwa makaranta su kaɗai. Bayan kisan nan dubban 'yan Bangladesh suka bi akwatin gawarsa a ƙafa har Downing Street inda gidan Firayim Minista yake, daga nan suka daina sunkuyar da kai. A 1998 aka sa wa filin sunansa. Toh in kin ga yau mace tana tafiya da niƙabi a titin nan ba mai ce mata uffan, wasu ne suka biya da jininsu.

Daga filin ki tsallaka ki shiga Osborn Street, ita ce ke zama Brick Lane in kin miƙe. Za ki ga sunayen tituna an rubuta da Turanci da Bengali. In kin zo kwanar Fournier Street ki tsaya ki kalli masallacin da ke wurin, tsohon gini ne na jan bulo, ki ɗaga kai za ki ga agogon rana a saman bango da shekarar 1743 a rubuce. Faransawa Kiristoci da ake kira Huguenot ne suka gina shi a matsayin coci, sun gudo daga Faransa ne bayan sarkinsu ya haramta ɗariƙarsu a 1685, kuma masaƙan alharini ne, shi ya sa in kin leƙa Fournier Street ɗin za ki ga gidajen suna da manyan tagogi a can bene na ƙarshe, hasken rana suke nema don saƙa. Da suka yi arziki suka watse, ginin ya koma hannun wasu Kiristocin, sai Yahudawa da suka gudo daga Rasha da Poland suka cika unguwar suka mai da shi wurin ibadarsu a 1898. Su ma suka samu hali suka koma arewacin Landan, 'yan Bangladesh, yawanci mutanen Sylhet, suka gaji shagunan ɗinkin da gidajen, a 1976 ya zama masallacin Juma'a. Doguwar hasumiyar ƙarfen nan mai ƙyalli da ke gefe daga baya-bayan nan aka kafa ta. Gini ɗaya, kowa ya zo da gudun hijirarsa ya yi ibada a ciki. Ni duk baƙon da ya zo min daga gida nan nake fara kai shi kafin Big Ben.

Daga masallacin zuwa sama ne yayin yake farawa, tsohon kamfanin giya na Truman mai dogon bututun hayaƙi, kasuwar Lahadi, zanen bango, har can ƙarshe inda shagunan burodin Yahudawa guda 2 suke, mai zagaye da rami a tsakiya, ɗayan ba ya rufewa dare da rana. Ni da kifi ko cuku nake sa a zuba min, naman ban ga an rubuta halal ba don haka nake barinsa. Ki isa da wuri, kamar ƙarfe 10 na safe.

Baban Khalil ya rubuta:

Salam. Bakatsine ya yi bayani na ilimi Allah ya ƙara basira, amma ni zan faɗi abin da idona yake gani, don tasi nake ja da dare kuma babu unguwar da na fi ɗaukar fasinja kamar nan. 'Yata, daren Juma'a da daren Asabar wurin nan ba ya kallo. Daga Shoreditch High Street zuwa Old Street zuwa Curtain Road gidajen rawa ne da mashaya a jere, ƙarfe 2 na dare za ki ga 'ya'yan mutane a zube bakin titi, wannan na amai wancan na faɗa, ga masu shaƙar iskar nan ta balan-balan duk da an haramta ta a 2023, ga 'yan sanda na ta kai da kawo. Sau da yawa sai na wanke mota kafin in koma gida in yi asuba. Masu fizgen waya a kan keke mai lantarki kuma ba dare ba rana, kina riƙe da waya a bakin titi kina duba hanya sai dai ki ji hannunki wayam.

Ni ra'ayina mene ne abin kai yaro wurin da aka gina shi kan giya? Zanen bango ne ba ki taɓa gani ba? Kina Ilford fa, Valentines Park na nan kusa da ke, ga tafki ga agwagi ga wurin wasan yara kyauta. In kasuwa kike so ga Ilford Lane ga Green Street ta Upton Park, duk abin da kika sa a baki halal ne ba sai kin tsaya tambaya ba, kuma kuɗin kofi ɗaya na Shoreditch sai ya saya miki samosa cike da leda. Mu da muka zo neman na kai ba komai ake yayi za mu bi ba. Allah ya tsare mana zuri'a a ƙasar nan.

Anti Hauwa Leyton ta rubuta:

Amin Baban Khalil, amma kai dare ka sani, ita kuma da safe za ta je, unguwar nan safiyarta daban darenta daban. Maman Nawwar ƙanwata ki saurare ni, na kai yarana tun suna goye har yanzu sun fi ni tsawo.

Maganar hijabi ki cire ta a ranki kwata-kwata. Ƙaramar hukumar Tower Hamlets, wadda Brick Lane da Whitechapel ke cikinta, kusan kashi 40 cikin 100 Musulmi ne a ƙidayar 2021, babu inda ya kai ta a Ingila, a Whitechapel Road ma wadda ba ta rufe kai ba ita ce za ta ji ta fita daban. Salla kuma ki yi a Maryam Centre, ginin mata ne na East London Mosque da aka buɗe a 2013, akwai wurin alwala mai tsabta da bayan gida da lifta, ba wanda zai harare ki don yaro ya yi kuka. Ki yi amfani da bayan gidan kafin ki shiga Brick Lane ki canza wa yaro abin da za ki canza, don can ciki samun bayan gida wahala ne, sai kin sayi abu a shago kuma layi ne.

Abin da Bakatsine ya manta, kuma shi ne zai fi burge Nawwar, akwai gona a unguwar. Eh gona, Spitalfields City Farm a kan Buxton Street, ki karya dama daga Brick Lane bayan kin wuce Truman. Akwai jakuna da awaki da tumaki da kaji, shiga kyauta sai dai in kin ga dama ki jefa wani abu a akwatin taimako, Litinin ce ba sa buɗewa. Yaran da aka haifa a nan wlh wani bai taɓa ganin akuya ido da ido ba, nawa ranar farko ƙin tafiya suka yi.

Abinci kuma kar ki biye wa masu tsayawa a ƙofar gidajen abinci masu miyar kori (curry) suna kiranki da Bismillah sister za mu rage miki, waɗannan don baƙi 'yan yawon buɗe ido aka yi su, da yawansu naman halal ne amma suna sayar da giya a teburi, kuma miyar an rage mata yaji an ƙara zaƙi saboda Turawa. Ki nemi ƙananan wuraren da za ki ga dattawan Bengali da farin gemu da jan lalle suna cin shinkafa da kifi da hannu, abincin yana cikin gilashi kina nuna wanda kike so a zuba miki, irin su suna nan a ƙasan Brick Lane da kan Whitechapel Road. Yajinsu na kama baki fa, ki ce a ba yaro shinkafa da miyar dal kawai, irin miyar wake ce. Shagunan kayan zaƙi kuma ki sayi jalebi mai zafi da rasmalai ki sha da shayi mai madara, ba zai taɓa miki kuɗin cefane ba. In maigida zai samu zuwa wata rana da yamma ku je Tayyabs a Fieldgate Street bayan masallaci, 'yan Pakistan ne, gasasshen haƙarƙarin rago suka shahara da shi, amma akwai cika.

Sai babbar magana wadda maza ba za su faɗa miki ba. Kafin ki shiga Brick Lane in kika karya hagu ta Wentworth Street za ki ɓulla kasuwar Petticoat Lane, nan ne shagunan atamfa da leshi da shadda suke a jere har Middlesex Street. In kin taɓa jin hajiyoyi a gida suna cewa leshin nan daga Liverpool Street aka kawo shi, toh nan ne ake nufi. Ni can ne yayina ba wurin kofi ba.

Sadiq_Damagaram ya rubuta:

Ina gaida manya. Ni ɗalibi ne kuma awa 20 ɗin da aka yarda mu yi aiki a sati a kicin ɗin wani gidan abinci nake yinta a cikin Shoreditch ɗin, wanke-wanke da yankan albasa, don haka ni ta ƙofar baya na san unguwar, inda ake ajiye bola.

Baba da girmamawa, abin da ka faɗa na dare gaskiya ne ban musa ba, ni ma in na tashi ƙarfe 12 sai na bi ta tsakiyarsu in kamo bas. Amma cewa an gina wurin kan giya nan ne ban yarda ba, don mutanen da suka riƙe unguwar lokacin da ba mai sonta suna nan ba su ƙare ba, kuma in irinmu muka ƙaurace toh mun bar wa masu giyar ke nan. Akwai wani dattijo ɗan Sylhet da muke aiki tare, shi ke dafa mana abincin ma'aikata, a gidajen gwamnati na bayan Brick Lane ya tashi tun yana yaro, mahaifinsa ɗinkin rigunan fata yake yi. Yake ce min da can in ka ce a E1 kake zaune, wato lambar adireshin yankin, tasi ma ba ya son kai ka, gidaje duk danshi da ɓeraye, iyali guda a ɗaki guda. Kamfanin Truman ya daina yin giya a 1989 ginin ya zama kango, masu zane da masu kiɗa suka shigo saboda haya ba tsada, su suka fara zane a bango, daga nan masu kuɗi suka ga wurin ya yi suna, kamfanonin kwamfuta suka cika wajen shataletalen Old Street, ga City inda bankuna suke tafiyar ƙafa ce kawai, sai haya ta tashi sama. Yau 'ya'yansa ba wanda ya iya kama gida a unguwar da aka haife shi, duk sun koma gabas, Barking da Dagenham da Ilford. Aunty wato maƙwabtanki 'yan Bangladesh na Ilford in kika tambaye su da yawa daga nan suka taso. Su kansu masu zanen da suka jawo yayin yawanci hayar ta kore su. A kicin ɗinmu ba mutum ɗaya da yake kwana kusa, kowa sai ya yi tafiyar kusan awa, mu ke dafawa mu ke wankewa amma farantin da muke wankewa kuɗin abincin cikinsa ya fi abin da ake biyanmu a awa.

A 2021 ma an yi rigima sosai da aka amince a gina ofisoshi da rukunin shaguna a wani ɓangare na filin Truman, dubban mutane suka rubuta ba su yarda ba, aka yi zanga-zangar Save Brick Lane, amma aka sa hannu. Shi ya sa nake cewa in kin je ki kashe kuɗinki a shagon mai jalebi da mai kayan miya, su ne ke fama da haya.

Kasuwar Lahadi ta cikin Truman kuma akwai rumfunan abinci na ƙasashe kala-kala, Habasha, Turkiyya, Malesiya, Koriya, wasu sun manna takardar halal wasu ba su manna ba, ki tambaya kai tsaye ba sa jin haushi, kuma ki duba ko a kasko ɗaya ake soya komai. Na Habasha akwai marasa nama gaba ɗaya, wake da ganye a kan injera, wani faffaɗan burodinsu mai laushi, wannan ba fargaba. Ki zo da kati don da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi. Kayan sawa na ƙasan ginin kuwa ki kalla kawai, gwanjo ne irin wanda ake zubewa a Ƙofar Wambai, an wanke an goge an rataye a hanga an kunna fitila mai kyau, jaket ɗaya sai a ce miki fam 60 ko 80 kuma Turawa na rububi. Akwai masu kyau a ciki ban ce babu ba, tsofaffin kaya masu ƙwari, amma ba na mai lissafin cefane ba ne.

Zane kuma in ɗaya za ki gani ki leƙa Hanbury Street, akwai wani ƙaton tsuntsu mai dogon wuya baƙi da fari da ya cinye bangon bene gaba ɗaya, wani ɗan Beljiyam mai suna ROA ne ya zana, ya daɗe a wurin ba a shafe ba alhali sauran zanen kusan duk sati sai an yi sabo a kan tsoho. Wanda ƙanwarki ta turo miki ma ba mamaki ki je ki tarar babu shi.

Baban Khalil ya rubuta:

Sadiq Allah ya yi maka albarka, ka yi magana mai ma'ana, maganar haya gaskiya ce don fasinjojina tsofaffin unguwar haka suke faɗa. Ni dai ban sauka daga kan cewa kar magariba ta same ta a sama da Truman ba. Yanzu sanyi ya shigo, a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a matse suke, ta lissafa da kyau. Kuma waya a cikin jaka.

Maman Nawwar ta rubuta:

Jama'a na dawo da godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun je, maigida ma da ya karanta bayanin Bakatsine cewa ya yi barcin ya jira, tare muka tafi.

Mun bi yadda aka ce ta Whitechapel. A filin Altab Ali mun tarar da wani tsoho zaune a benci da sandarsa yana ta kallon tattabaru, maigida ya yi masa sallama suka ɗan taɓa hira, ya ce yana cikin waɗanda suka bi gawar, yana faɗa yana nuna mana kwanar da hannu. Ni dai jikina ya yi sanyi, don ina shiga aiki da hijabina kullum ban taɓa tunanin yadda aka yi hakan ya zama ba komai ba. Masallacin Fournier Street kuma mun ga agogon ranar, maigida ya shiga ya yi nafila ya ce ciki ya fi yadda ake zato girma.

Baban Khalil maganarka ma na ganta, da safen nan masu shara ba su gama ba, fasassun kwalabe da warin giya a wasu lunguna sai da na riƙa kauce musu da keken. Kuma da rana ta ɗaga wajen Truman ya cika maƙil har keken ba ya motsi, sai da maigida ya saɓa yaron a wuya ni na naɗe keken na rataya, wanda zai je da yaro dan Allah ya gama da wannan ɓangaren kafin 12. Amma ba wanda ya yi min kallon banza, wata Baturiya mai gashi kore ma ita ta taya ni ɗaga keken a bakin wani shago.

Gonar kuwa Anti Hauwa Allah ya biya ki, Nawwar ya riƙe ƙarfen shingen jakunan nan ya ƙi saki, jakin ya miƙo baki yana shinshinar hularsa shi kuma yana ta ƙyalƙyala dariya, tunda muka zo ƙasar nan ban ji ya yi irin wannan dariyar ba. Na ɗauki tsuntsun Hanbury Street na tura wa ƙanwata ta ce ba shi take nufi ba, wai wani mai fuka-fukai da ake tsayawa a tsakiya, ban gan shi ba. Mun ci shinkafa da kifi a wani ɗan wuri a ƙasan titin, mu uku kuɗin bai kai abin da na ji tsoro ba, kofin ne dai na saya guda ɗaya a sama don in ɗanɗana abin da abokan aikina ke yabo, ya haura fam 4, yana da daɗi ba laifi amma shayin mai jalebi ya fi min. Azahar da la'asar a Maryam Centre na yi su, kafin magariba muna jirgi.

Abin da ban samu yi ba shi ne shagunan atamfa, mun leƙa Wentworth Street yaron ya fara rigimar barci muka juya. Anti wace rana ta fi, kuma ana ciniki ko abin da aka rubuta shi ke nan? Bikin ƙanwar tawa na tafe ina son in haɗa mata ko kala 3 ne a lefe daga ɓangarena.

Anti Hauwa Leyton ta rubuta:

Masha Allah, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ki je tsakiyar sati da hantsi ki bar yaron a gida, Lahadi cika ta yi yawa, Asabar kuma ba a cin kasuwar. Ana ciniki mana, musamman in za ki ɗauki fiye da ɗaya, kar ki saya a shagon farko, ki zaga ki ji farashi a 3 ko 4 tukuna. Atamfa turmi yadi 6 ne leshi yadi 5, ki sa a warware miki a auna a gabanki, ki duba bakin zanen da tambarin don akwai na gaske akwai kwaikwayo kuma duk a shago ɗaya ake jera su. Sannan kafin ki biya ki tura wa wata a gida hoto ta tambayo miki a Kantin Kwari, wasu atamfofin da canjin fam ɗin nan sun fi araha a Kano, leshin Swiss ne dai na fi yarda da na nan. In Laraba kina da hutu ki yi min magana ta akwatin saƙo mu haɗu a Liverpool Street, ni ma akwai shaddar da zan duba wa Alhaji.